Motar Asibitin Garin Ƙirya Tana Shanye Ruwa

Garin Ƙirya, ta Dungas
Watan Yuni

Zuwa ga Yaya Jibo, a Lome.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Bahijja da yara. Mu nan lafiya ƙalau. Na leƙa Inna Dije mahaifiyarka ranar Juma'a, ƙafar ta yi sauƙi har tana fita tsakar gida ba sanda. Ruwa ya sauka, mutane duk sun fita shuka.

Da hannu nake rubuta maka, zan ɗauki hoton takardar in turo ta waya, don duk lokacin da na kira ka, kafin in gama magana ka katse ni, kafin ka gama taka reso, wato layin waya, ya yanke. A garinmu ma da ƙyar ake samun reso ɗin, mai ƙarfi sai na shigo Dungas ranar kasuwa. Saboda haka ka zauna ka karanta har ƙarshe.

Motar da kuka aiko ta kusa kashe mace a hannuna. Ku 'yan garinmu da ke waje kun haɗa hannu kun saya wa ɗakin haihuwa ambilans, Allah ya saka muku da alheri. Amma kai ne makanike a cikinsu, kai ka shiga wurin motoci na bakin teku ka zaɓe ta, kai ka ce mana gazuwal, wato man dizal, take sha kuma ba za ta ba mu wahala ba. Don haka da kai zan yi.

Ranar Litinin aka kawo mini Zahara'u matar Imran mai shayi. Haihuwa ta zo da gardama, hannun jaririn ne ya fara fitowa. Wannan ya fi ƙarfin ungozoma a ɗaki irin nawa, sai asibitin Magariya. Muka sa ta a mota da tsakar rana, direbanmu Kawu Mala, ɗan'uwan uwata, na tuƙi. Ba mu yi rabin hanya ba wata fitila mai ruwan ɗorawa ta kama a tabulo, allon gaban direba, motar ta daina ja, ko ya taka ba ta wuce tafiyar amalanke. Allurar zafi ta hau. Ya tsaya, ya bari ta huce, ya duba gorar ruwan injin, ta bushe ƙaf, alhali da safen nan a gabana ya cika ta. Muka zauna a rana, yarinya na riƙe da wuyan rigata tana kiran uwarta, har wata motar wake ta zo ta ɗauke mu a kan buhuna. Uwar ta rayu, jaririn ma ya rayu. Likitan ya ce da mun ƙara jinkiri kaɗan, da wani labarin ake yi yanzu.

Ba ranar aka fara ba. Tun kafin azumi motar ke shan ruwa. Kullum sai an ƙara, kuma ko ɗigo ba ya zuba ƙasa. Kawu Mala ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana, da safe kwalin a bushe. In an tada ta da sassafe farin hayaƙi take fitarwa ta salansa, in ta ɗau hanya wani lokacin ya koma baƙi. Habibu makaniken Magariya ya canza murfin gora, ya canza tiyo guda, ba abin da ya sake. Yanzu ya ce juwan kulas, shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da jikinsa, ne ya ƙone, sai an buɗe kan injin.

Komitin asibiti na son amsarka a rubuce kafin a taɓa ta. Ni kuma ina son ka faɗa mini gaskiya: lafiyayyar mota ka zaɓa mana, ko wadda ta fi kyau a hoto? Ba don kakata da kakanka ciki ɗaya suka fito ba, da ba da wannan harshen zan tambaye ka ba.

Ƙanwarka,
Habsatou

Lome
Watan Yuni

Zuwa ga Habsatou.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Bahijja na gaishe ki, ƙaramin ya yi zazzaɓin haƙori amma ya warware. Na gode da leƙa Inna. Allah ya raya abin da Zahara'u ta samu, ya ba ta lafiya.

Takardarki ta ɓata mini rai. Motar nan na kwanta ƙarƙashinta da kaina, na ɗora mata balis, wato na'urar da ke karanta ciwon injin, ba ta nuna komai ba. Na tuƙa ta har bayan gari na dawo. Ban ci ko sisi a kanta ba, ranakun aikina ma na bari don in neme ta. Yanzu ke da ba ki san bambancin ruwan injin da ruwan batir ba, ke ce za ki tambaye ni ko a hoto na zaɓa. Mota ta yi wata da watanni tana shan ruwa, ba wanda ya ga dama ya sanar da ni sai da ta tsaya da mai naƙuda. Wannan laifin wa ne?

Ki faɗa wa Habibu kada ya kuskura ya buɗe kan injin nan. Injin ba tukunya ba ne da za a ɗaga murfi a leƙa a mayar. In ya buɗe a garejinsa, da ƙasar da ke tashi a wurin, motar ta gama yawo. Duk wanda ya ga farin hayaƙi sai ya ce juwan kulas, don shi kaɗai ya sani.

Ga abin da nake son ki duba mini da idonki, da safe kafin a tada ta. Ki zaro sandar awon mai ki ga launinsa, baƙi ne ko ya koma kamar shayi da madara. Ki matsa babban tiyon ruwa na sama da hannu, ki ji ko ya yi tauri kamar an hura shi. Sai a tada ta gora a buɗe, ki leƙa ko ruwan na tsiyayar kumfa. Sannan ki tsaya bayan salansa ki shinshina hayaƙin, ki faɗa mini warin da kika ji. Kada a taɓa murfin gorar in injin na da zafi.

Wata tambaya kuma. Na saka bidon jan ruwan injin, wato jarkokin ruwan sanyaya shi mai launin ja, a bayan motar da zan aiko ta, masu yawa, waɗanda ya kamata su kai ku shekara. Ina suke? In ruwan rijiyar garinmu ake ɗura mata, mai kanwar nan, to ana cinye ta ne daga ciki.

Ruwa ba ya ɓacewa haka kawai, Habsatou. In ba ya zuba ƙasa, to ɓarawon yana cikin motar, kullum tare kuke tafiya da shi, kuma ina jin na san ko wane ne. Amma ba zan faɗa ba sai na ji amsarki, don kada in zama kamar Habibu.

Ki gai da Baba Mala da Gwaggo.

Yayanki,
Jibo

Garin Ƙirya
Watan Yuli

Yaya Jibo,

Sallama. Muna lafiya, gero ya tsiro da kyau. Inna Dije lafiyarta ƙalau. Gwaggon da ka ce a gaisar, wato uwata, zuciyarta a ɓace take, kuma kai ne sanadi.

Me Kawu Mala ya yi maka? Mutumin da ya goya ka a keke zuwa lakwal, makarantar boko, lokacin da babanka ke ci-rani, shi ne yau ɓarawo?

Takardarka ta shigo wayata ina Dungas wurin karɓar allurar rigakafi. Da yake komiti ne ya nemi amsa, na tura wa Alhaji Sadisu shugaban komitin tun ban gama karantawa ba, na hau babur na wuce ƙauyuka. Kafin in dawo ya tara mutane a gindin ƙiryar ƙofar asibiti ya karanta musu. Ka san Alhaji ya daɗe yana son a ba Auwalu ɗan ƙanensa tuƙin motar nan. Ya karanta maganar bidon jan ruwa, ya tsaya. Ya karanta cewa ɓarawon na cikin motar, kullum tare muke tafiya, ya sake tsayawa ya dubi mutane. Su wa ke shiga motar nan kullum in ba ni da Kawu ba? Aka buɗe gorar injin, aka ga farin ruwa, ba ja ba. Aka duba bayan mota, ba bido ko ɗaya. Nan take wani ya ce ai ya taɓa ganin Kawu da bido a kasuwar Dungas. Ƙwarai ya gan shi, fanko ne ya je ɗebo ruwan famfo don kada ya zuba na rijiya.

Jan ruwanka motar ce ta shanye shi, bido bayan bido, a gabana. Da ya ƙare Kawu ya nemi komiti ya sayo wani, aka ce ya jira. Me kake so ya zuba mata, yawu?

Na iso ana karɓar makulli daga hannunsa. Na yi magana har muryata ta dushe, na ce ni ma a kore ni tunda tare muke tafiya. Alhaji ya ɗaga wayarsa ya ce ba shi ya faɗa ba, makaniken da ya sayo motar ne, kuma ɗan'uwanmu ne. Ni ma da na sake karantawa abin da na gani ke nan. Kawu ya sunkuya. Ya ajiye makullin a kan tabarma, ya ɗauki butarsa ya tafi gida. Tun ranar bai zauna a dandali ba, sallah ma a sahun baya yake yi ya fice kafin a shafa.

In kana da hujja a kansa ka kawo. In ba ka da ita, ka ji tsoron Allah.

Tambayoyinka kuma na duba, ba don kai ba, don matan da ke hannuna. Man baƙi ne wuluk, ba alamar madara. Tiyon da laushinsa da safe. Ba kumfa a gora. Hayaƙin yana da wani ɗan zaƙi-zaƙi a hanci, kamar sukari ya zuba a garwashi, kuma bakin salansar a jiƙe yake da baƙin ruwa.

Habsatou

Garin Ƙirya
Ƙarshen Yuli

Yaya Jibo,

Sallama, da fatan kuna lafiya. Mu nan sai godiya.

Kasuwa ta ci ta sake ci, ba amsa. Na kira, wayarka a kashe. Na gane, ka jefa maganarka ka koma gefe.

Auwalu ne ke riƙe da motar yanzu. Komiti ya sayo jan ruwa sabo, wanda aka hana Kawu, aka ɗura mata. Zuwa Magariya ɗaya da dawowa ta shanye rabin gora. Alhaji ya ce ɓarnar da aka riga aka yi mata ce. Fitilar ba ta mutuwa yanzu ko kaɗan, kuma motar ba ta iya hawa tudun yashin bayan gari sai an tura. Habibu ya ce a bar shi ya buɗe kan injin, ya kuma fasa tukunyar tace hayaƙin da ke jikin salansa ya zubar da abin cikinta, wai ita ke shaƙe motar. Komiti ya amince, an sa ranar kasuwa mai zuwa.

Jiya a amalanken shanu na tura wata mai zubar jini zuwa Dungas, motarka na tsaye a inuwa. In ba za ka yi magana ba, ka ce ba za ka yi ba, mu san inda muka dosa.

Habsatou

Lome
Farkon Agusta

Habsatou,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, gida ma lafiya. Ubangidana ya tura ni rakiyar manyan motoci zuwa Wagadugu, muka maƙale a kan iyaka, layina ba ya aiki a can. Jiya na dawo na tarar da takardunki biyu a tare. Na karanta a tsaye a bakin gareji.

Ƙarfe nake nufi. Ƙarfe, Habsatou. A gareji haka muke magana, duk abin da ke cin ruwa ko mai a ɓoye ɓarawo muke ce masa. Na rubuta miki a ƙarshen takardar nan ki gai da Baba Mala. Wane irin mutum kika ɗauke ni, da zan kira dattijo ɓarawo a layi ɗaya in gaishe shi a na gaba? Alhaji Sadisu na san halinsa, abin da yake so ya karanta. Amma ke? Kin san ni tun kina rarrafe, kika karanta, kika sake karantawa, kika yarda zan iya. Kuma wa ya ce ki tura takarda gaban jama'a ba ki kai ƙarshenta ba? In maganar ciwon mace ce, za ki yi haka?

Ki tsayar da Habibu yau ɗin nan. In ya riga ya kwance ƙusa ɗaya a kan injin, ya mayar. Amsoshinki sun wanke juwan kulas: da shi ne, da man ya gauraye da ruwa, ko tiyo ya kumbura, ko gora ta yi kumfa. Ba ko ɗaya.

Ga abin da nake zargi. Motocin nan na Turai ba sa sakin hayaƙinsu duka. Suna mayar da wani kaso cikin injin ya sake ƙonewa, don rage gubar da ke fita. Kafin ya koma sai an sanyaya shi, saboda haka yana bi ta cikin wani ƙarfe mai kamar gwangwani dogo, a bayan injin ta gefen direba, ruwan injin na zagaye da shi. Habibu zai san shi da sunan EGR. In ƙarfen nan ya tsage daga ciki, ruwa na tsiyaya cikin hanyar hayaƙi, ya zama tururi ya fice ta salansa. Shi ya sa ba ya zuba ƙasa, shi ya sa kika ji zaƙi a hanci. Ruwan kuma in ya haɗu da baƙin hayaƙi sai ya zama kwaɓi, ya liƙe ƙofar da ke buɗe wa hayaƙin hanya, ya cushe tukunyar tacewa. Kwamfutar motar ta ga haka sai ta kunna fitila ta rage ƙarfi don kada injin ya mutu. Ciwo ɗaya ne ya haifi sauran. In Habibu ya fasa tukunyar, fitilar ba za ta mutu ba, kuma ku da marasa lafiyarku ne za ku sha hayaƙin.

Kada ki yarda da ni, ki gwada. Injin a sanyaye, Habibu ya cire gwangwanin. Yana da baki biyu na ruwa, biyu na hayaƙi. A toshe bakin ruwa ɗaya da roba a ɗaure tamau, a haɗa famfon keke a ɗayan, a nutsa shi duka cikin bahon ruwa, a hura. In lafiyarsa ƙalau, ba abin da zai fito. In ya tsage, za ku ga kumfa na fita ta bakin hayaƙi.

Kuma a yi shi a gindin ƙiryar nan, a gaban duk wanda ya ji an karanta takardata. Ki tabbata Alhaji na zaune.

Jibo

Garin Ƙirya
Watan Agusta

Yaya Jibo,

Sallama. Muna lafiya, ruwa ya yi yawa har ya ci katangar bayan asibiti. Inna Dije na gaishe ka.

Kada ka ɗora mini laifin bakinka. Mu nan ba a gareji muke ba. Ka tambayi inda bido suke, ka ce ɓarawo na tafiya tare da mu, ka ce ka san ko wane ne. Ka kai wa duk wanda ka ga dama a garin nan ya karanta, ka ji ko zai ce ƙarfe. Da ka rubuta sunan abin tun farko, da ba a kai nan ba, amma ka fi son ka ja mana rai don a san kai ne gwani.

Na sami Habibu kafin ya taɓa kan injin. Da na karanta masa bayaninka bai yi musu ba, ya ce ya san ƙarfen amma bai taɓa ganin wanda ya tsage ta ciki ba, kuma shi ma zai so ya gani. Ya zo a babur da kayan aikinsa. Ya sha wahala kafin ya fito da shi, don wurin matsattse ne, hannunsa duk ya kuje. Da ya cire tiyon ƙarfen da ke gaba, sai ga baƙin kwaɓi na zuba kamar taɓon tafki, a jiƙe sharkaf.

Na aika aka kira komiti, na sa aka ɗauko bahon da nake wa jarirai wanka. Mutane sun taru fiye da na ranar farko, har mata sun leƙo ta katanga. Alhaji Sadisu ya zo a makare ya ce yana da baƙi, na ce baƙin su jira. Habibu ya toshe baki ɗaya, ya nutsa ƙarfen, Imran mijin Zahara'u ya karɓi famfon ya ce shi zai hura. Bugun farko shiru. Na ce a raina in ba abin da ya fito, Kawu ya gama zama a garin nan. Imran ya ci gaba da bugawa. Sai ga kumfa ta taso ta bakin hayaƙi, siririya kamar zare, sannan ta yi yawa har bahon na ɓuɓɓuga.

Habibu ya ɗaga ƙarfen ya nuna wa mutane, ya yi musu bayani da bakinsa cewa ta nan ruwan ke bi, ko wa ke tuƙi, ko wane irin ruwa aka zuba. Na karanta musu takardarka ta biyu, ban tsallake inda ka ambaci Alhaji ba. Wanda ya ce ya ga Kawu da bido ya sulale. Alhaji ya gyara hularsa ya ce, “To, ashe rashin fahimta ne daga Lome.” Na tambaye shi ko daga Lome aka karɓi makulli. Liman ya ce in yi haƙuri, ni mace ce a gaban manya. Ban yi ba.

Kawu bai zo ba. Na aika masa tun da safe, ya ce yana da noma.

Habibu ya haɗa tiyon ruwan biyu da juna ya kewaye ƙarfen, don a samu a lallaɓa. Tun ranar ruwan bai ragu ba ko kaɗan. Amma fitilar na nan, ƙarfin ma bai dawo ba. Me ya rage?

Habsatou

Lome
Watan Agusta

Habsatou,

Wa alaikumus salam. Lafiya muke. Alhamdu lillahi da abin ya fito a idon kowa.

Ba zan sake jayayya da ke a kan wa ya fi laifi ba, ko da yake ina da abin faɗa. Na samo sabon ƙarfen, na ba wani direba da zai bi ta Kano, zai ajiye a garejin Habibu. In ya ɗaura, ya wanke ƙofar hayaƙin da kyau har ta riƙa motsi da yatsa, a zubar da tsohon ruwa duka a zuba ja. Ya aro balis a Damagaram ya goge laifin daga kwamfuta, sannan a hau kwalta a yi doguwar tafiya ba tsayawa, injin da zafinsa, don tukunyar ta ƙone dattin da ta tara. Gazuwal ɗin bakin hanya kuma a riƙa tace shi.

Abin da ke ƙasa na Baba Mala ne. Ki je gida ki karanta masa, ke da shi kawai.

Baba, ni ne Jibo. Wallahi ban taɓa zarginka ba, ko a zuciya. Maganar gareji na yi, ta faɗa a kanka. Ka yafe mini. Ka karɓi makullinka, ba wanda na yarda ya riƙe motar nan sai kai.

Jibo

Garin Ƙirya
Watan Satumba

Yaya Jibo,

Sallama. Muna lafiya, gero ya fara fitar da kai. Ina fata Bahijja da yara na lafiya.

Saƙonka ya iso, Habibu ya yi duk yadda ka ce. Sun kai ta hanyar Damagaram sun dawo, fitilar ta mutu, hayaƙin ya washe, tana hawa tudun yashi ba turi. Ruwan na nan inda aka zuba shi. Ta wannan fannin aikinka ya yi.

Na je na karanta wa Kawu saƙonka a zaurensa. Ya saurara har ƙarshe yana gyaran igiyar akuya. Ya ce ya yafe maka, dama bai ɗauka za ka faɗi haka a kansa ba. Sannan ya ce, “Abin da ban sani ba shi ne garin nan zai yarda da wuri haka. Ba wanda ya ce a dakata a tambaye ni.”

Alhaji Sadisu bai taka gidansa ba. Auwalu ya ba makullin ya kai masa, kamar ana mayar da aron fartanya. Kawu ya ce ya mayar wa wanda ya aiko shi. Na roƙe shi, uwata ta roƙe shi har da kuka, Imran ya je da jaririn a kafaɗa. Ya yi wa yaron addu'a, bai canza magana ba. Ranar Laraba ya ɗaure kayansa ya tafi Sassumbrum, wani mai fataucin wake ya ba shi tuƙi. Gonarsa ya bar wa maƙwabci ya girbe. A shekarunsa zai koma kwana a tasha.

Auwalu kuwa ashe ko farmi, wato lasin tuƙi, ba shi da shi. Ya kafe motar a laka a hanyar Dungas, sai da shanu suka jawo ta, daga nan ya ce shi ba zai iya tashin gaggawa ba. Yanzu tana tsaye a ƙofar asibiti, lafiyayya, ba mai tuƙa ta. Ina da mata uku da watansu ya kama, ɗaya tagwaye ne kuma ba su kwanta daidai ba. Uwata ta daina shiga gidan Inna Dije, in sun haɗu a rijiya kowa kallon gefe take.

Kawu ba zai dawo don takarda ba, kuma Alhaji ba zai je ba sai wani ya tsaya a kansa. Ni na yi iyakar yina, an ce mini mace ce. Kai ne ɗan garin da suka aika ya sayo motar, kai za su ji. Ka nemi izini wurin ubangidanka ka taho. Ka ɗauki Alhaji da liman a cikin motar nan, ka tuƙa da kanka, ni zan zauna a baya in nuna maka gidan da Kawu ya sauka a Sassumbrum.

Kada ka aiko mini da wata takarda, ba zan buɗe ba. Ka kira in ka iso tashar Magariya.

Ƙanwarka,
Habsatou